Shigar Burtu: Matakan Kare Ran Jami'in Sirri a Aikin Kamen Dillalan Ƙwaya

A daren 28 ga Fabrairun 1989, wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, mai suna Everett Hatcher, ya fita ganawa da wani dilan hodar iblis a tsibirin Staten na birnin New York. Shigar burtu ya yi, ya je a matsayin mai saye, abokan aikinsa na biye da shi daga nesa a motoci. Da suka haɗu, dilan ya ce su matsa wani wuri su yi magana, Hatcher ya bi shi. A cikin cunkoson hanya ya ɓace wa 'yan rakiyarsa. Bayan kamar awa guda suka same shi a cikin motarsa, an harbe shi har lahira. Mutumin nan ba sabon hannu ba ne, ya haura shekara goma a aikin.

Wanda ya bi labaran jami'an da suka rasu a irin wannan aiki zai ga abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa: an sauya wurin haɗuwa, an fito da kuɗi da wuri, 'yan rakiya sun daina gani ko ji. Dukkansu abubuwa ne da ake iya yanke hukunci a kansu tun a ofis, kafin kowa ya tayar da mota.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwaya a ƙasar. Kasuwa mai wannan girma tana da masu gadinta, wasu da wuƙa, wasu da bindiga, wasu kuma da kuɗin sayen bakin ma'aikaci. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara yawan samame tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamarta a Janairun 2021, kuma sau da yawa kafin samame ya yi nasara akwai wani da ya fara shiga shi kaɗai ya gano ƙofa. Domin wannan mutum na rubuta jagorar nan, da kuma ogan da zai sa hannu a tura shi. Ƙa'idar da komai zai rataya a kanta guda ce: kayan da ya kuɓuce yau ana iya kama shi wata mai zuwa, jami'in da ya faɗi kuwa ya tafi ke nan.

Mataki na 1: A tabbatar tura mutum ya zama dole, a kuma rubuta izini

Kafin a yi maganar wa za a tura, a tambaya ko akwai wata hanya. Sau da yawa sa ido daga nesa, ko bin sawun kuɗi ta banki, ko barin kaya ya ci gaba da tafiya ana biye da shi har ya shiga hannun mai shi, sun isa. Wannan dabara ta ƙarshe tana sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fataucin ƙwaya ta Vienna ta 1988, aikin sirri kuma an ambace shi a sashe na 20 na yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan gungun masu laifi na ƙasa da ƙasa, Najeriya da Nijar duk suna cikinsu.

In ya zama dole, to a rubuta izini: wa ake nema, wace shaida ake so, me aka yarda jami'in ya yi, me aka hana shi, kuma yaushe izinin zai ƙare. Takardar nan garkuwarsa ce ranar da wani zai tashi ya ce ai shi ma dila ne. A Fabrairun 2022 NDLEA ta bayyana cewa wani jami'inta ya naɗi bidiyo a ɓoye a al'amarin da ya kai ga tuhumar mataimakin kwamishinan 'yan sanda Abba Kyari kan hodar iblis, tuhumar da ya musanta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Abin lura ga mai wannan sana'a shi ne yadda hukumar ta ce jami'in ya sanar da na gaba da shi, an ba shi izinin ci gaba, kafin a miƙa masa dala 61,400. Ba don haka ba, da kuɗin a hannunsa sun zame masa wuta.

A kuma ja kunnensa: aikinsa ya ba mai laifi damar nuna abin da dama yake yi. Tunzura wanda bai yi niyya ba yana rusa shari'a, yana kuma haifar da gabar da ba ta mutuwa.

Mataki na 2: Zaɓen wanda za a tura

Wanda ya fi kowa ɗaga hannu ba lallai shi ya fi dacewa ba. Mai zafin kai da mai son a ce shi ne gwarzo su ne ke shiga ɗakin da bai kamata a shiga ba. Ana neman mai sanyin rai, mai sauraro fiye da surutu, wanda zai iya juyowa ya ce "Oga, na fasa, jikina bai ba ni ba" ba tare da jin kunya ba. Wanda bashi ya yi wa katutu, ko yake cikin rikicin gida, ko aka yi masa rasuwa kwanan nan, a bar shi ya huta. Kuma duk wanda aka zaɓa yana da haƙƙin ya ƙi, ba tare da an rubuta masa komai a fayil ba.

Sai harshe. Bakanon da ya ce shi Basakkwace ne, da ya ce "yana zuwa" inda ake jiran "shina zuwa", ko "wannan" inda ake jiran "wanga", ya gama tona kansa. Haka sunayen kaya da farashinsu: a daba suna sauyawa da sauri, kuma wanda ya kira ƙwaya da sunan da aka daina tun bara, ko ya yarda da farashi babu ciniki, an gane baƙo ne.

Babbar matsalarmu a nan ita ce sanayya. A ce jami'i na zaune a teburin mai shayi a bakin tasha, dilan na gefensa ana jiran a soya ƙwai, sai wani ya dafa kafaɗarsa ta baya: "Kai, mutumina, ashe kana garin nan? Ya aikin gwamnati?" Abokin makaranta ne, da zuciya ɗaya ya yi. Saboda irin wannan ba a tura mutum garinsu, ko garin surukansa, ko inda ya yi karatu ko bautar ƙasa. Duk da haka a shirya masa amsar da zai bayar in hakan ta faru, a yi ta gwada shi har ta zauna masa a baki. A kuma duba intanet da idon maƙiyi. Hoton ranar yaye ɗalibai a makarantar horon hukumar da ke Jos, wanda ƙanwarsa ta ɗora a Facebook tana yi masa fatan alheri, ya isa ya kashe shi bayan shekara biyar. Wanda fuskarsa ta taɓa fitowa a talabijin wajen baje kolin kayan da aka kama, a ba shi wani aikin.

Mataki na 3: Labarin da zai rayu a cikinsa

Bahaushe ba ya cinikin da ke da nauyi da wanda bai san asalinsa ba. Za a tambaye shi ɗan wace unguwa ne, ɗan gidan wa, wa ya haɗa shi da su, kuma za a aika a bincika. Don haka labarin ya zama kusa da gaskiya gwargwadon iko, a gina shi a kan sana'ar da ya sani da hannunsa. In ya ce direban tirela ne, ya san man da ake ƙonawa daga Legas zuwa Kano, ya san yadda ake kwana a Tafa da Mararrabar Jos. In bai taɓa riƙe sitiyarin babbar mota ba, a nemo masa wata sana'ar. Labari gajere ya fi dogo, domin duk ƙaryar da aka ƙara wani kaya ne da zai riƙa tunawa da shi cikin tsoro.

Wayarsa ta gida da katin shaidar aiki da duk abin da ke da tambarin hukuma su zauna a ofis. Wayar aikin kuma kada ta zama sabuwa fil babu kira babu saƙo, domin dila kan ce "kawo wayarka in gani". A tuna layukan waya a Najeriya an haɗa su da lambar NIN, manhajoji irin su Truecaller na nuna sunan da wasu suka adana mutum da shi, kuma da ya tura kuɗi ta banki ko wajen mai POS, sunansa na gaskiya zai fito a fuskar wayar wanda aka tura wa. Hukuma ce za ta warware wannan ta hanyar da doka ta yarda. In ba ta warware ba, to tsabar kuɗi kawai.

Abu biyu ake yawan gwada baƙo da su. Na farko a ce ya ɗana kayan. Ya tafi da uzurinsa a shirye, na rashin lafiya ko na tuƙi ko na cewa shi ɗan kasuwa ne ba ya taɓa hajarsa. In an ɗora masa bindiga, ransa ne gaba, amma da ya fito ya faɗa nan take, a kai shi asibiti, a rubuta. Na biyu a ce ya rantse. Wannan ya taɓa imanin mutum, kuma ba a gaban wuƙa ake yanke shawara a kansa ba. A tattauna da shi tun a gida, ya san inda zai tsaya da yadda zai zame.

Mataki na 4: Infoma

Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin nan yana da tasa buƙatar. Wani kuɗi yake so, wani sassaucin tuhuma, wani so yake a kawar masa da abokin gasa a kasuwa, wani kuma cin tudu biyu yake yi, yana kai labari nan yana kai wa can. Sai an san dalilinsa ake sanin inda zai iya karyewa.

A yi masa rajista a asirce. Jami'i biyu su riƙa ganawa da shi, kada ɗaya. Duk abin da ya faɗa a tabbatar ta wata kafar daban. A caje shi kafin fita da bayan dawowa. Kada ya san sunan jami'in na gaskiya, ko gidansa, ko ranar kame. Da zarar ya gabatar da jami'in ga dila, a fara janye shi daga cinikin sannu a hankali, don in an yi kamen kada zargi ya faɗa kansa kai tsaye.

Shi ma rai gare shi, kuma amana ce a wuyan hukuma. A watan Mayun 2008 'yan sandan Tallahassee a jihar Florida suka tura wata budurwa 'yar shekara 23, Rachel Hoffman, wadda aka kama da wiwi, ta sayo ƙwayoyi 1,500 da hodar iblis da bindiga, suka ba ta dala 13,000. Ba ta da horo, kuma cinikin ya fi ƙarfin abin da aka san ta da shi. Dillalan suka sauya wuri ta waya, ta bi su, ta ɓace wa masu rakiya, aka kashe ta. A 2009 jihar ta yi doka da sunanta kan yadda ake amfani da infoma. Yaron da aka kama da ƙulli biyu ba a aika shi sayen buhu.

Mataki na 5: Toshe yoyon cikin gida, da sanar da maƙwabta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda za su san sunan jami'in da inda yake kada su wuce waɗanda aikin ba zai yiwu ba sai da su. Ba a tattauna shi a zauren WhatsApp na ofis. Fayil ɗin ya zauna a kulle, da suna na aro. Direba da masinja da mai kawo abinci duk suna da ido da kunne, kuma yawancin yoyo ba da mugunta ake yin sa ba, hira ce ta wuce gona da iri. Shi kansa jami'in ya daina zuwa ofis muddin aikin na tafiya, a riƙa haɗuwa da shi a wani wuri.

Ga kuma ɗaya gefen. A titi ɗaya akwai 'yan sanda, kwastam, jami'an farin kaya, sibil difens, 'yan sintiri, a wasu jihohin har da Hisba. Ba su san naka ba ne. A Nuwamban 2017 a birnin Detroit, 'yan sandan wani ofishi da suka yi shigar dillalai suka yi arangama da na wani ofishin da suka zo kame, har aka ba hammata iska tsakanin 'yan hukuma ɗaya. Maganin shi ne babba ɗaya ya gaya wa babba ɗaya da ya amince da shi cewa akwai aiki a yanki kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ba suna, ba hoto. In cinikin ya nufi iyaka, kamar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Konni, a tsaya. Da jami'i ya taka ƙasar Nijar ba shi da wani iko, sai an shirya da hukumarsu ta yaƙi da fataucin ƙwaya, OCRTIS, tukuna.

Mataki na 6: Wurin haɗuwa

A nan ne aka fi asarar rayuka, don haka a nan zan fi daɗewa.

Hukuma ce ke zaɓen wuri. Mai kuɗi a hannu yana da ikon cewa ga inda yake so, kuma dilan gaske ya saba da mai saye mai taka-tsantsan. A je a ga wurin da ido a irin ranar da irin lokacin da za a yi aikin, domin filin da yake fayau ranar Talata da hantsi yana iya cika maƙil ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a. A tsaya a inda jami'in zai tsaya, a duba: daga ina 'yan rakiya za su gan shi ba tare da sun zama abin kallo ba? Daƙiƙa nawa za su ɗauka su iso gare shi da ƙafa? Hanya nawa ce ta fita? Akwai sabis na waya? Akwai makaranta ko masallaci kusa, inda harsashi zai iya samun wanda bai ji ba bai gani ba?

Lungunan tsohon gari, inda mota ba ta shiga kuma kowane yaro ya san baƙuwar fuska, ba wurin ciniki ba ne. Haka kangon gini, da ɗakin otal ɗin da dila ya kama, da gonakin wiwi na dazukan Ondo da Edo inda taimako ke da nisan sa'o'i. Harabar gidan mai ko wajen ajiye motoci mai faɗi, da rana, sun fi.

Sai doka mai tsauri, wadda za a faɗa da baki a gaban kowa: ba a sauya wuri. In dila ya kira ya ce "ka ƙaraso bayan gidan man can", amsar ita ce a'a. In ya ce "shigo mota mu zaga", a'a. Ba ya hawa motarsu, ba ya hawa bayan babur ɗinsu, ba ya barin wani ya zauna a kujerar da ke bayansa. A ba shi kalmomin ƙin tun daga gida: "Alhaji, ni a nan muka yi da kai. In bai yiwu yau ba, Allah ya kai mu gobe." Ya juya ya tafi. Sau da yawa dilan zai sake kira, domin shi ma kuɗin yake so. In an ga dole a tanadi wuri na biyu, to ya zama wanda aka riga aka duba aka ajiye mutane a can, kuma shugaban aiki ne kaɗai zai ba da izinin matsawa.

Na san abin da ke sa jami'i ya karya wannan doka. Wata uku yana bin mutum, ga kaya saura taku kaɗan, ga oga na jiran sakamako. Shi ya sa nauyin yake kan oga: ya faɗa a fili cewa wanda ya dawo hannu rabbana saboda ya ƙi sauya wuri ya yi daidai, kuma ya nuna hakan ranar da abin ya faru.

Mataki na 7: Kuɗi

Sau da yawa harbin da ake yi wa jami'in sirri ba don an gane shi ba ne, fashi ne. A Fabrairun 1988 a Pasadena ta jihar Kalifoniya, jami'an DEA uku suka je sayen hodar heroin da dala 80,000 a mota. Masu sayarwar suka karɓe kuɗin suka buɗe musu wuta, George Montoya da Paul Seema suka rasu, na ukun ya tsira da rauni.

Don haka kuɗi da kaya da jami'i kada su haɗu wuri ɗaya sai a daƙiƙar ƙarshe. In za a nuna kuɗi, a nuna su ba zato, a wurin da hukuma ta zaɓa, na ɗan lokaci, wani ya tafi da su. Kada dila ya san tun jiya cewa gobe ƙarfe huɗu jakar kuɗi za ta zo wuri kaza. A rubuta lambobin takardun a ɗauki hotonsu. In kuwa an zaro makami an ce ya kawo, ya miƙa ba gardama.

Mataki na 8: Zaman bita

Duk wanda zai fita aikin sai ya zauna a wannan zama, komai girman muƙaminsa. Wanda bai zo ba, ba ya fita. A Janairun 2015 a birnin Albuquerque na Amurka, wani laftanan 'yan sanda da bai halarci bitar safe ba ya iso wurin kamen ƙwayar da ba ta wuce ta dala 60 ba, ya buɗe ƙofar mota ya harbi jami'insa na sirri, Jacob Grant, sau da dama. Grant ya rayu da munanan raunuka.

A zaman, jami'in ya tsaya a gaban kowa da kayan da zai sa a ranar, hula da takalmi da komai, kowa ya kalle shi da kyau. A faɗi inda zai zauna a mota, da ko yana ɗauke da makami. A raba aiki da suna: wa ke kallo, wa ke sauraro, wa ke kame, wa aikinsa kawai ya ciro jami'in. A tsayar da alama biyu, ta "ku zo ku kama" da ta "ina cikin haɗari", kowacce da ta baki da ta jiki, domin na'ura na iya mutuwa. Kalmar ta zama wadda ba za ta suɓuce masa cikin hira ba, alamar jikin kuma wadda za a hango daga nesa. Ɗaga hannu sama kowa ya ɗauke shi a matsayin neman agaji.

A gwada na'urar naɗar murya da oba-oba a wurin, a cika caji, a tanadi layin kamfani na biyu. A yanke adadin mintunan da in aka daina ji da gani za a shiga ba jiran umarni, a rubuta a allo. Murya ɗaya ce ke ba da umarni, amma kowa, har ƙaramin cikinsu, yana da ikon cewa a dakata in ya ga abin da ba a shirya masa ba, kamar ƙarin mutane ko baƙuwar mota.

Mataki na 9: Kame, da abin da za a yi in jini ya zuba

In zai yiwu, a bar jami'in ya bar wurin tukuna, a kama dila a hanya ko wata rana. In dole sai yana nan, to da masu kame sun taso ya jefar da abin da ke hannunsa, ya kwanta, kada ya taya kame, kada ya zaro bindiga. Mutum cikin kayan gida da bindiga a hannu, a tsakiyar ihu da ƙura, ba wanda zai tsaya tantance shi. Sau da yawa ya fi a sa masa ankwa tare da sauran, a raba su daga baya. Masu kame kuwa su zo da rigar sulke da tambarin hukuma a fili, su faɗi ko su wane ne da ƙarfi, saboda a unguwanninmu ihun "ɓarayi" ko "masu garkuwa" kan tara jama'a da duwatsu cikin ƙiftawar ido. A gama a tashi, ba a tsayawa ɗaukar hoto.

Jijiyar cinya in ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Kowace mota ta ɗauki abin ɗaure hannu ko ƙafa na tsayar da jini da bandeji, kuma kowa ya taɓa gwada ɗaurawa da hannunsa. A san rukunin jinin jami'in, a san asibitin da ke da likitan tiyata a wannan lokacin, a bi hanyar a auna ta da gosulo. Dokar 2017 ta wajabta wa asibitocin Najeriya karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma tunda jami'in ba ya ɗauke da katin aiki, wani mai kati ya tafi tare da shi.

Mataki na 10: Bayan an gama

A ranar, kafin barci, ya rubuta duk abin da ya gani ya ji. A adana naɗin murya da bidiyo yadda sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya tanada, domin shaidar na'ura mai ƙarfi tana rage dogaro da bakinsa a kotu. Tun da wuri lauyan hukuma ya nemi kotu ta ba shi kariyar da za ta yiwu in zai ba da shaida, kuma kada ya shiga ta ƙofar da dangin wanda ake tuhuma ke zaune.

Haɗarin ba ya ƙarewa da kame. A Nuwamban 1984 sojojin Meziko suka lalata wata ƙatuwar gonar wiwi a jihar Chihuahua. Bayan wata uku, ranar 7 ga Fabrairun 1985, aka sace jami'in DEA Enrique Camarena da rana tsaka a Guadalajara, yana kan hanyar zuwa cin abinci da matarsa. An azabtar da shi aka kashe shi, bincike kuma ya nuna hannun wasu jami'an tsaron ƙasar. Wanda aikinsa ya jawo wa manya asara, a ɗauke shi daga garin da iyalinsa, a kashe layin da ya yi amfani da shi, a sauya masa mota. Jami'an NDLEA sun shafe shekaru suna haya a unguwa ɗaya da waɗanda suke kamawa, sai a 2025 hukumar ta buɗe barikinta na farko a Yola. Kafin bariki ya kai ko'ina, kuɗin sauya gida ya shiga kasafin aikin tun farko.

Akwai kuma raunin da ba ya jini. Mutumin da ya yi wata shida yana amsa sunan da ba nasa ba, yana cin abinci kwano ɗaya da wanda zai miƙa wa hukuma, ba ya dawowa yadda ya tafi. Neil Woods, wanda ya yi shekara 14 yana irin wannan aiki a Birtaniya, ya fito ya bayyana ciwon firgicin da ya biyo shi. A lura da rashin barci, saurin fushi, janyewa daga mutane, fara shan wani abu, ko fara kare dilan a cikin magana. A haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a matsayin ƙa'idar da ke kan kowa, don kada ya ji an ware shi. A ba shi hutu na gaske kafin wani aikin, a kuma ƙayyade sau nawa za a yi amfani da fuska ɗaya a yanki ɗaya.

Matarsa ko mahaifiyarsa ba sa buƙatar sanin inda yake, amma tun ranar farko a ba su lambar mutum ɗaya a ofis wanda zai ɗauka ko ƙarfe biyun dare ne, a kuma gaya musu abin da za su ce in baƙo ya yi sallama a ƙofar gida yana tambayar aikin maigidan.